Neman kalma: awon kan ɗan tayi a hoton ciki

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri a rediyo nan Sakkwato kan zuwa awo. Likita za ta yi bayanin BPD da HC, haruffan da mata ke gani a takardar sikanin su koma gida hankali a tashe. Me zan kira su? "Girman kai" ba zai yiwu ba, kowa ya san ma'anarsa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. HC kewayen kai ne, kamar yadda muke zagaya kan jariri da tef bayan haihuwa. BPD kuwa faɗi ne, daga ƙashin gefe ɗaya zuwa ɗayan. A mako 20 faɗin ya kusa santimita 5, kewayen wajen 17 zuwa 18. Dab da haihuwa kewayen yakan kai 33 zuwa 35.

Ɗan Runjin Sambo: "Faɗin kai" ma ai girman kai ne. A ce faɗin ƙoƙon kai.

Malamin Hausa: Na daɗe ina cewa "awon ƙwarya". Gajere ne, namu ne. Kuma ku bar cewa sikanin, "dubin ciki" ya wadatar.

Anti Nas: Malam, awo biyu ne, kalmarka ta haɗe su. In ɗan tayi ya zo ta ƙugu, kansa kan ɗan yi tsawo, sai faɗin ya fito ƙasa alhali kewayen lafiya lau. Shi ya sa likitoci suka fi dogara da kewaye. Su biyun ake haɗawa da kewayen ciki da tsawon ƙashin cinya a ƙiyasta nauyi. Uwa tana bukatar ta san wanne ake nufi. Kuma "duba" a kunnen matan ƙauye aikin boka ne.

Malamin Hausa: To in faɗi ne, a ce hwaɗi. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Hausar garin nan tun ƙarni na 19. Don me kullum sai bakin Kano?

Ɗan Runjin Sambo: Gaskiya ta Malam. Mi ya hana?

Bakano a Mabera: Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano kaɗai ba ce, ta makaranta ce.

Malamin Hausa: Wa ya daidaita ta, da bakin wa?

Maman Ihsan: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Zan ce kewayen kai da faɗin ƙoƙon kai. Furucin zai fito yadda bakina ya saba. Anti, sai me?

Anti Nas: Ki gaya musu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hoto ɗaya kafin mako 24. Kuma kada lamba ɗaya ta hana mace barci, ta kai wa likita takardar ya fassara mata.

Malamin Hausa: Kewayen kai na yarda. Ɗayan ya yi tsawo ga rediyo, amma ki yi da shi gobe. Maganar sikanin ba mu gama ba.