Ɗan kokawar gargajiya zai iya kaiwa inda Igali ya kai?

Na-Kusugu: Salamu alaikum. Akwai samari a nan Daura da ba a kai bayansu ƙasa a filin kokawar kaka. Daniel Igali ma a ƙauye ya taso a Bayelsa, ya ci gasar duniya a 1999, ya ɗauki zinare a Olamfik na Sidni a 2000 a ajin kilo 69, duk da Kanada ya wakilta. Me yaro zai sauya in zai koma kokawar katifa, wato irin ta Olamfik da ake kira freestyle?

Malam Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Abu na farko, ya manta da cewa kaye shi ne ƙarshen wasa. A gargajiya da ka kai mutum ƙasa sai kiɗa da kirari. A katifa maki 2 kawai ka samu, kuma nan aikin yake farawa. Zagaye biyu ne, minti 3 kowanne, da hutun daƙiƙa 30. Ka mirgina shi bayansa ya fuskanci katifa, maki 2. Ka ɗauke shi daga tsaye ka jefar ta baya, 4, in jifar ta yi sama sosai 5. Ya taka wajen da'ira, wadda faɗinta mita 9 ne, maki 1. Wasa yana ƙarewa nan take in ka danne kafaɗunsa biyu, ko ka ba shi ratar maki 10.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne ƙasa. Ba su saba kare kai a kife ba, sai a haɗe musu idon sawu biyu a yi ta mirgina su, juyi biyar an gama. Maganinsa atisayen wuya da gada, wato ya dogara da kai da tafin ƙafa ya bankare, kullum, tun kafin a koya masa wata dabara.

Ɗan Mashi: Malam ya yi gaskiya. A ƙara da tsayuwa. Ɗan gargajiya yakan jira a riƙe juna a sama, ɗan katifa kuwa nitso yake yi ya kamo ƙafa ɗaya ko biyu. Dole ya koyi jefa ƙafafunsa baya ya danna ƙugu a kan mai nitson. Noƙewa ma ba ta biya: alƙali zai ba ka daƙiƙa 30, in ba ka ci ba a ba abokin karawarka maki 1.

Kocin Unguwa: Ni awo ne damuwata. Azuzuwan maza na wannan salon a Olamfik shida ne: kilo 57, 65, 74, 86, 97 da 125, kuma da safiyar ranar wasa ake hawa sikeli. Yaro mai kilo 72 ya ƙaurace wa ruwa don ya sauka 65, zai hau katifa ba ƙarfi, zagaye na biyu numfashi ya ƙare. Ya tsaya a 74 ya fi masa. Likita kuma yana duba fata, mai makero ba ya shiga, don haka a riƙa goge katifa. Kunne in ya tara jini, asibiti a zuƙe da wuri, in ya daskare ya tafi ke nan.

Na-Kusugu: Na gode. To ta ina ake shiga?

Malam Ƙofar Ƙaura: Ta hukumar wasanni ta jiha, daga nan gasar wasanni ta ƙasa, inda masu zaɓen tawagar Najeriya ke sa ido. A kai shi yana ƙasa da shekara 17, don akwai gasar wannan rukunin.