Wane suna za mu ba wurin shan gahawa?

Tambayar da ta jawo wannan rubutu ta fito ne daga wata 'yar'uwa da aiki ya kai Abuja, wadda take neman a nuna mata inda ake samun gahawa mai kyau tsakanin Wuse da Maitama. Amsoshin da aka ba ta sun yi amfani, amma kusan kowa da ya zo ambaton wurin sai ya koma Turanci, shi ya sa na ga ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya da za ta shiga bakin mutane.

Abin shan kansa ba sai an ƙirƙiro masa suna ba, domin muna da gahawa, wadda ta zo mana daga Larabci. Daga wannan tushe ne Turkawa suka sami tasu kalmar, ta bi ta harsunan Turai har ta dawo mana a matsayin kofi. Matsalar kofi ita ce mun riga mun ba mazubi wannan suna, har muna cewa gasar cin kofin duniya, don haka wanda ya rubuta cewa ya sha kofi biyu na kofi ya wahalar da mai karatu ba gaira ba dalili. Alhazan da aka taɓa miƙa wa gahawa da dabino a Makka ko Madina sun san kalmar, haka ma 'yan'uwanmu na Sudan da ke dafa ta da citta a tukunyar ƙasa da ake kira jabana.

Sunan wurin shi ne ya fi jan muhawara. Wani malami da ya rubuto daga Damagaram ya ba da shawarar a ari kafe kawai a huta. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, hujjarsa tana da ƙarfi, domin aro ba laifi ba ne, da shi muka sami mota da asibiti. Sai dai a Nijar kafe shi ne abin shan, a Nijeriya kuwa duk ɗalibin da ya ji an ce kafe, hankalinsa zai tafi shagon intanet da ake cika takardun jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Kalmar da take nufin abu biyu a tsallaken iyaka ɗaya ba za ta haɗa mu ba. Mashaya, wadda wasu suka kawo, ta dace da ƙa'idar ginin kalma, amma kunnen Bahaushe ya daɗe da jingina ta ga wurin shan giya ko inda ake shayar da dabbobi, kuma babu magidancin da zai so a ce an gan shi a can. Zauren gahawa ya ba ni sha'awa, saboda hira da zaman jama'a su ne rabin abin da ake zuwa nema, tun daga gidajen farko da aka buɗe a Istambul a ƙarni na 16 da wanda aka buɗe a Landan a 1652. Amma zaure sashe ne na gida, bai ɗauki ma'anar ciniki ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne gidan gahawa. Ya bi sahun gidan abinci da gidan burodi da gidan mai, ba ya buƙatar bayani, jam'insa kuma yana fitowa ba tare da tangarɗa ba. Yana kuma bambanta wurin da teburin mai shayi, wanda sana'a ce mai daraja da tsarinta daban. Wanda yake tsaye bayan injin yana haɗawa shi ne mai gahawa, kamar yadda muke da mai shayi.

Inda na fi son a yi hattara shi ne wajen bambanta ƙaramin gida da reshen babban kamfani. Da yawa sun rubuta mai zaman kansa, alhali a Hausar jarida da rediyo wannan yana nufin abin da ba na gwamnati ba ne. Kamfanin gahawa na Starbucks, wanda ya fara da shago ɗaya a birnin Siyatil na Amurka a 1971 kuma yanzu yake da dubban rassa a duniya, shi ma ai mai zaman kansa ne, saboda haka kalmar ba ta raba komai ba. Abin da mai nema yake so shi ne wurin da mai shi yake kusa, shi yake zaɓar wanda zai sayi ƙwayar gahawa a hannunsa, shi yake yanke yadda za a soya ta, kuma idan ɗanɗano ya sauya za a iya tarar da shi a faɗa masa. Wannan shi ne cin gashin kai. Don haka ina ganin mu ce gidan gahawa mai cin gashin kansa, ɗayan kuma mu kira shi reshen kamfani. Na san ya ɗan yi tsawo, amma bai bar ƙofar ruɗani ba.

Na ce soya da gangan. Wasu suna rubuta gasa, amma aikin da ake yi wa ƙwayar gahawa shi ne na mai suyar gyaɗa, a juya ta cikin zafi ba tare da mai ba har ta sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, ta fashe da ɗan ƙara, ƙamshi ya tashi. Idan suya ta wuce kima, ɗaci ne kawai zai rage, kuma ba za a iya bambanta gahawar Yirgacefe ta Habasha da kowace iri ba.

Sai kuma sunan gahawa mai daraja ta sama, wadda masu ɗanɗano suke ba maki 80 ko fiye cikin 100. Ta musamman bai gamsar da ni ba, domin kowane mai talla yana kiran hajarsa ta musamman. Zaɓaɓɓiyar gahawa ta fi faɗin gaskiyar aikin, tunda ana tsinkar 'ya'yan da suka nuna, a tsince masu lahani, sannan a auna ingancinta. Yawancinta daga irin Arabika ne, wanda yake son tudu da sanyi, shi ya sa ake noma shi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, saɓanin Robusta da ya fi ɗaci kuma ya ninka shi wajen sinadarin hana barci. Wadda ake sayarwa a gwangwani ko 'yar leda, da mutane suke kira da sunan Nescafé ko ma wane kamfani ne ya yi ta, an riga an dafa ta a masana'anta an busar, don haka gahawa mai narkewa ya ishe ta suna.

Da waɗannan kalmomi, 'yar'uwar da ta yi tambayar za ta iya shiga kowane gidan gahawa a Abuja ko Kano ko Yamai ta tambaya cikin Hausa daga wace ƙasa ƙwayar ta fito, yaushe aka soya ta, kuma a gabanta za a niƙa ko tun jiya aka niƙa aka ajiye. Ta duba ko an rubuta ranar suya a jikin ledar, domin ƙamshi yana raguwa cikin makonni kaɗan, niƙaƙƙiya kuwa ta fi saurin salancewa. Idan mai gahawa ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, to wurin ya cancanci a zauna a gwada.