Geji: mu bar shi yadda yake ko mu raba masa aiki?

Malaman Hausa da masu fassarar labarai, ku matso mu yi shawara a kan kalmar gauge. A baki dai mun gama da ita tuntuni, geji muke cewa. Mai faci zai danna ɗan ƙarfensa a bakin taya, ya ƙura wa allurar ido, ya ce, "Alhaji, gejin na baya ya yi ƙasa." Direba ma ya ce gejin mai ya kwanta. Har mun ba kalmar aikin da Turawa ba su ba ta ba, don idan mutum ya zaƙe sai mu ce ya wuce geji.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, wajen ƙarni na 15. A can tana nufin sandar da ake zurawa cikin ganga a san yawan abin da ke ciki, kuma har gobe jauge Faransawa ke kiran sandar duba baƙin man inji.

A rubutu ne ake samun tangarɗa, musamman a labarin jirgin ƙasa. A nan gauge ba na'ura ba ce, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ce. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne, awon da Turawa ke kira standard gauge, wanda injiniyan jirgin ƙasa George Stephenson ya yi aiki da shi, Ingila kuma ta mayar da shi doka a 1846. Shi ya sa jirgin wannan layi ba ya hawa wancan. To idan mai fassara ya fassara standard gauge ya rubuta "layin dogo mai daidaitaccen ma'auni", me dattijon da ke sauraron rediyo zai gane? Tunaninsa mudu da tiya zai tafi. Ni dai "faɗin dogo" nake so: tsohon layi mai ƙaramin faɗi, sabo mai babban faɗi. Wani malami ya ce "tazarar dogo" ta fi daidai, kuma yana da hujja, amma faɗi ya fi saurin shiga kunne.

Na asibiti ya fi rikitarwa. Allurar da aka rubuta wa 18G (G ɗin gauge ke nan) ta fi mai 24G kauri nesa ba kusa ba. Ma'aikatan jinya da launi suke gane lambar allurar ƙarin ruwa: kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24 wadda ake sa wa jarirai. Lambar na hawa, allurar na sirancewa. Dalilin yana wajen maƙeran waya na da, waɗanda ke jan ƙarfe ta cikin huda, su sake jansa ta wata hudar da ta fi ƙanƙanta. Lambar tana bin yawan jan da aka yi ne. Idan muka fassara da "kauri 24" mun yi wa mai karatu ƙarya, don zai ɗauka ta fi 18 girma. A ce "lambar allura" ko "lambar waya" kawai. Ai, na san ta biyun za ta ci karo da lambar tarho, to a ce "lambar kaurin waya".

Saura na'urar kanta. An kawo shawarar a kira ta magwaji, an kuma kawo ma'auni. Ma'auni ya zauna daram a ma'aunin ruwan sama da ma'aunin zafi, a bar shi can. Magwaji kalma ce mai kyau, amma je gareji ka ce wa bakanike ya duba maka magwajin mai, ka ga kallon da zai yi maka. A mota da wajen mai faci geji ya riga ya zama ɗan gida, ni ban ga dalilin korarsa ba.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da makanikanku suka tashi da Faransanci, me kuke kiran allurar mai a can?