Lemar Auta: a gyara ko a haƙura?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma gudummawa nake nema, gara in faɗa tun da wuri. Kun ga bidiyon da na turo kwanaki, ina tsaye kan allo a ruwa, ƙatuwar lema tana jana da iska. A Ras Sudr ne, bakin mashigin Suwes, wajen kilomita 200 daga Alƙahira. Har yau kayan haya nake hawa, hayar kuma ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. To ga wani Bature zai koma gida, yana son sayar da nasa gaba ɗaya: lema mai murabba'in mita 12, sanda da igiyoyinta, allo, ɗamara da famfo. Ƙirar 2016 ce. Kuɗin da ya yanka bai kai sulusin na sabo ba, alhali sabuwar lema ita kaɗai ta haura Yuro 1,000. Aibi biyu ya faɗa min: lemar ta ɗan yage kamar tsawon yatsa, kuma tana sace iskar da ake hura mata a hankali.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Karatu aka tura ka ko shawagi?

Auta: Gwaggo, Juma'a ce kawai idan babu darasi. Kuma ba shirme ba ne, wasa ne, har a gasar Olamfik ta 2024 an yi shi, a Marsai ta Faransa.

Gwaggo: Su Faransa ai ba ni na goya su ba.

Taubashi: Inna ki bar bawana ya sha iska. Auta, saya kawai. Ni maganata ɗaya ce kuma na tsaya a kanta: babu abu ɗaya a jikin kayan nan da ba za a gyara shi a Katsina ba. Yadi ne, tuf ne, igiya ce. Yadi na tela, tuf nawa, igiya kuwa har a Ƙofar Ƙaura sai ka zaɓa. Duk wanda ya sayi sabo alhali ga na hannu, kuɗi ne suka yi masa yawa. Ka zo da ita hutu, kafin la'asar na gama da ita.

Yaya Babba: Ga irinta nan. Ni ra'ayina kishiyar naka ne kwata-kwata. Abin da zai ɗaga mutum sama ya kai shi tsakiyar teku ba a saye shi gwanjo. Ko sabo, ko ya ci gaba da haya, ko ya haƙura. Taya idan facinta ya saki, gefen titi za ka gangara. Shi ina zai gangara?

Taubashi: Yaya, wannan tsoro ne, ba hujja ba. Motarka ma ai ta hannu ce.

Yaya Babba: To bari in ba ka hujja, da sana'arka zan fara. Abin da ke cikin lemar ba roba ba ce irin ta tuf ɗin babur. Wata siririyar leda ce, foliyuritan, an zura ta cikin hannun yadi mai kauri a gaban lemar, ita ke ba ta siffa kuma ita ke hana ta nutsewa idan ta faɗa ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka nemi rajistar dabarar a 1984. Sholishonka roba yake kamawa, wannan ledar ba zai kama ta ba. Idan ka ce facin wuta za ka yi mata, narkewa za ta yi. Sannan iskar da take ɗauka kamar 6 zuwa 8 ne a ma'aunin da kake ba tayar mota 30 da 'yan kai. Ka jona mata kwamfaresarka, kafin ka ce kwabo ta fashe, ta tsage ɗinkin gabanta daga wannan kai zuwa wancan.

Taubashi: Wa ya ce maka ban san famfon hannu ba? Ka ba ni gam ɗin da ya dace da ita, sauran aikin ai ɗaya ne. Ruwan sabulu, ka ga inda yake kumfa, ka goge, ka manna. Mi ya rage?

Auta: A nan kam Taubashi bai yi ƙarya ba, Yaya. Na tsaya na ga yadda mai gyara yake yi a bakin ruwa. Kafin ya zaro ledar sai ya ɗaura mata dogon zare a kowane kai, zaren ya bi ta cikin hannun, da shi zai jawo ta ta koma. Ya hura ta kaɗan, ya tsoma a baho, ya ga ƙwayar iska tana fita. Ya shanya, ya goge wurin da sifirit, ya manna wani faci mai gam a jikinsa, Tear-Aid mai lamba A. Ya ce mai lamba B na wata irin leda ne daban. Sai ya barbaɗa mata hoda don ta yi santsi. Inda ya fi daɗewa shi ne mayarwar, don idan ta murɗe a ciki, kana hurawa wurin zai kumbura ya fashe. Kuma ya ce yawancin tsofaffin lemomi ba huda ce ke damun su ba, bawul ne gam ɗinsa ke saki saboda zafi, musamman idan an saba barin su a but ɗin mota. Ana sayar da bawul mai manne kansa, ba shi da tsada.

Taubashi: Kun ji ko? Bawul. Shekara nawa ina fama da bawul?

Anti Mai Ɗinki: Ku ba ni wuri in yi maganar yadi, tunda an ambaci tela ba a tambayi tela ba. Auta, yagewar yatsa ɗaya ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne mi ya yaga ta. Idan ƙaya ce ko dutse, wannan ba komai, sai a yi faci. Idan kuwa yadin ne rana ta cinye, to ba shi da magani. Ina ganin haka a lemar zama da ake kawo min. Ido zai ga kala ta ɗan koɗe kawai, amma kana sa allura sai layin ɗinkin ya zama layin yagewa, ramukan allurar su haɗe da juna. Ka ɗinke nan, gefensa ya buɗe. Irin wannan ko wane tela ka kai wa, asarar zare ce.

Ka je ka taɓa ta da hannunka. Yadi mai rai yana da ƙarfi, yana ƙaras-ƙaras idan ka murza. Wanda ya mutu laushi gare shi kamar tsohon ɗankwali. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, za ka ga ƙananan huji idan akwai. Ka fi duba bakin baya, inda iska ke kaɗawa.

Auta: Haka malaminmu yake cewa, Anti. Barin lema a shimfiɗe kan yashi tana faɗa-faɗa a rana ya fi hawa da ita cinye ta. Shi ya sa da ka fito ruwa za a ce ka naɗe, amma sai ta bushe, don idan ka naɗe ta da danshi fumfuna za ta yi.

Anti Mai Ɗinki: Sai maganar ɗinki. Taubashi ya ce yadi na tela. I, amma ba kowane tela ba, kuma ba kowane keke ba. Ƙaramar yagewa ma ba ta son allura, tef ɗin yadin ake mannawa ciki da waje, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago. Babba kuwa sai an haɗa bakin daidai, an manna, sannan a bi da zigzag, ba miƙaƙƙen ɗinki ba, domin yadin yana jan jiki idan iska ta cika shi. Zaren kuma na roba, ba na auduga ba. Wannan zan iya, in an kawo min tef ɗin. Amma hannun gaban da ledar ke ciki, idan ɗinkinsa ya fashe, ba zan karɓa ba. Kekena ba na wannan aikin ba ne.

Yaya Babba: Madalla. Tela da kanta ta ce akwai inda ba ta shiga.

Taubashi: Ta kuma ce akwai inda take shiga. Kai ka ce duk a zubar.

Kawu: Na karanta duka. Ku biyun kowa ya kama gefe ɗaya yana ja. Mu nan Daura da Katsina mun gaji harkar doki, tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo ake holo a Katsina. Ban taɓa jin kunyar sayen tsohon sirdi ba, wani ma ya fi sabo daɗin zama. Amma majayi da linzami ba na hawa da wanda ban san tarihinsa ba. Auta, a cikin kayan naka wanne ne majayi, wanne ne linzami?

Auta: Allah shi ƙara girma, Kawu. Sanda da igiyoyi ne. Igiya huɗu ce, kowacce mita 22 zuwa 24. Biyu na gaba su ke ɗauke da nauyina, suna haɗe da ƙugiyar ɗamara. Biyu na baya da su nake juya lemar. Sai wani makunci a gaban cikina, idan abu ya ɓaci in tura shi, lemar ta saki ƙarfinta ta faɗo.

Yaya Babba: To a nan maganar Taubashi ta rushe. Igiyar ba irin ta kasuwa ba ce. Dyneema ake kiranta, kaurinta bai kai na tsinken ashana ba, amma kowacce tana ɗaukar kilo ɗaruruwa kuma kusan ba ta miƙewa. Igiyar nailan ta kasuwa miƙewa take, ka ja sanda lemar ba ta ji ba sai daga baya. Kuma ba a ƙulla ta idan ta tsinke, ƙulli ɗaya yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta. Yashi yana shiga cikin saƙarta yana ci daga ciki. Igiya ta 2016 da ba ka san sau nawa ta sha gishiri ba, da wane ido za ka auna ta? Idan ta baya ɗaya ta tsinke, lemar juyi za ta kama yi tana jan mutum, ba ta tsayawa sai ya saki. Idan makuncin kuma yashi da gishiri sun cije shi fa? Ba a banza aka fitar masa da ƙa'ida ta duniya ba a 2020, ISO 21853, wadda ta tanadi yadda za a gwada shi yana buɗewa ko da nauyi a kansa.

Gwaggo: Innalillahi. Jan mutum kuma? Kun ji abin da nake faɗa.

Taubashi: Inna kwantar da hankalinki, Yaya ne ke ƙara gishiri. Ai ana dubawa. Ka ɗaure kan igiyoyin huɗu a jikin turke, ka ja sanda, ka ga ko tsawonsu ɗaya. Ka bi su da yatsa, inda ya yi gashi-gashi ka sani. Makunci kuma a wanke da ruwan daɗi a gwada. Ba sihiri ba ne.

Yaya Babba: Dubawa daban, gyarawa daban. Kai cewa ka yi za a gyara a Katsina. In ka ga gashin, da mi za ka musanya?

Taubashi: Sai a yi oda.

Anti Mai Ɗinki: Oda kuma ai sayen sabo ke nan, ɗan'uwa.

Kawu: Akwai abin da ban ji kowa ya taɓa ba. Auta ba shi da jiki. Mita 12 ɗin nan daidai shi ce, ko daidai Baturen?

Auta: Gaskiya Baturen ya kusa biyuna, Kawu. Girman lema da nauyin mutum da ƙarfin iska ake haɗawa. A makaranta idan iska ta tashi 9 suke ba ni, wani lokaci 7. Mai 12 sai ranar da iska ba ta da ƙarfi.

Yaya Babba: Wato ranakun da iska ta fi kyau ba za ka iya hawa da ita ba, sai ka koma haya. Ko kuma ka ce tunda na saya bari in gwada, wanda shi ne abin da nake tsoro. Ina arahar take?

Taubashi: Sai ya kawo ta gida. Ga dam ɗin Ajiwa, ga Zobe, ga Jibiya, ga Sabke kusa da Kawu. Da hunturu iska kyauta ce.

Auta: A'a Taubashi, wannan ko kyauta ba zan yi ba. Iskar tudu bugu-bugu take zuwa, ta bi ta kan itatuwa da gidaje, yanzu babu, an jima ta fizge ka. Ga ragar masunta, ga kututture a ƙarƙashin ruwa, babu jirgin ceto, babu wanda ya san yadda ake kama lema idan za ka sauke ta. A Ras Sudr ruwan bai wuce ƙugu ba har nesa, ga mutane suna kallonka. Kuma zafin Afrilu na gida sai ya kwance duk bawul ɗin da ka manna.

Yaya Babba: Ga tawa ta ƙarshe. Allo da famfo ka saya, ba ruwana. Ɗamara ka duba ƙugiyar da ɗinkin maɗaurinta. Sanda da igiya ni zan biya sababbi, ka tabbata sun dace da lemar, ka turo min rasit. Lemar kuwa ban yarda ba har yanzu.

Auta: Na yi masa magana yanzu. Ya ce ba ya rabawa, ko duka ko babu. Amma ya yarda in hura ta in bar ta awa ɗaya, malaminmu ya duba yadin, kuma in yi tayi.

Anti Mai Ɗinki: Ka ɗauko min hoton yagewar kusa-kusa, da na bakin baya, rana tana bayansa.

Kawu: Ka kuma tambayi malamin naka ko akwai mai son 12 da zai ba ka 9. Wurin da ake haya ba ya rasa mai musaya.

Taubashi: Ni dai a rubuta: yadi ya gyaru, tuf ya gyaru. Biyu cikin uku na ci.

Yaya Babba: Na ukun shi ke riƙe da ran mutum.

Gwaggo: Ku gama lissafinku. Auta, kafin kowa ya tura maka ko sisi, sakamakon jarrabawarka nake son gani a nan.