Musayar Waƙa: Jaka, Igiya da Jirgin Dark Zone

Sarkin Baka: Bismillah, na aza tubali. Wasan bidiyo na The Division na 2016, fagensa na Dark Zone a tsakiyar Manhattan, inda jirgi mai saukar ungulu ke ɗauke ganima da igiya. Ƙwar huɗu, amsa-amo "ya".

Dark Zone fage ne na masu zuciya,
Ganimar cikinsa duk gurɓatacciya,
Jaka rawaya tana lilo a baya,
Ba taka ba ce sai ta hau igiya.

Harba wutar kira sama ka tsaya,
Daƙiƙa 90 jirgi na kan hanya,
Taswira ta sanar da kowa gaba ɗaya,
Kura ta ji, ta taho har da 'ya'ya.

Na-Laɓe:

Yaya Sarki, "ka tsaya" ka ce kuwa?
Tsayuwa a fili ai kiran mutuwa,
Harba ka koma bayan mota da laɓewa,
Inda kake hango duk hanyar shigowa.

Kafin mutane, 'yan kwamfuta ke zuwa,
Cleaners da tankin wuta suna ƙonawa,
Auna tankin bayansu ya yi fashewa,
Harbin ƙirji asarar harsashi ce da daɗewa.

Cika harsashinka tun kafin harbawa,
Akwati na ɗakin tsaro, kyauta ake ɗebowa,
Mai kiran jirgi da bindiga babu kowa,
Ya yi wa maƙwabta girki da rabawa.

Uwar Gayya:

Ku yi ta laɓewa, ƙannena,
Mai ɗaure jaka ba ya harbi, ku tuna,
Hannu biyu na kan igiya, baya a rana,
Nan ake kwantar da shi ba doguwar magana.

Tun gyaran 1.2 igiya ta daina amana,
Ka ɗaura da wuri ka juya kana murna,
A yanke ta, jakunkuna su zubo a gabana,
Wahalar awa guda ta zama abincin rana.

Gambo Tireda: Kai! Anti ta shafe su. Na-Laɓe, fito daga bayan motar nan ka karɓi gaisuwa.

Malam Mai Aruli: Ku dakata. Na-Laɓe, ɗangonka na "Tsayuwa a fili" gaɓa 12 ne, na "Akwati na ɗakin tsaro" 15. Ita kuma Hajiya, idan aka karanta 1.2 yadda ake faɗinsa, ɗaya da ɗigo biyu, ɗangon ya kai gaɓa 19. Amsa-amo kaɗai ba ya zama waƙa, sai da kari.

Na-Laɓe: Allah gafarta Malam, bari in sallami Anti tukuna, ita da 'yan tawayenta masu kashe sauran 'yan wasa.

Anti, dabararki tsohuwa ce ainun,
Mu huɗu ne, ɗaya ke ɗaurawa kullum,
Uku na tsaro, baki na kallon lungun,
Ya gama, na biyu ya matso, ba a yin gungun.

Ba ma ɗaurawa da saukar jirgi,
Sai lokaci ya ƙure, ya kusa yin gargaɗi,
Mai yankan igiya na buƙatar sarari,
In babu daƙiƙu, wuƙa ta zama ado a gari.

Wani sa'in a harba wuta nan don yaudara,
'Yan tawaye su kwaso gudu suna ƙara,
Mu zame wani filin can mu fara,
Su tarar da igiya fayau, ko tsinke ba a ɗaura.

Malam Mai Aruli: "Ainun" da "kullum" ba su haɗu ba, nun daban mim daban. Baiti na biyu kuma gi, ɗi, ri, ri. Wannan ba ƙwar huɗu ba ce, gwanjo ne.

Sarkin Baka:

Gayya, faɗa musu kuɗin cin amana ma,
Jan ƙoƙon kai ya hau kanki a sama,
Ɗakin tsaro ya rufe, ba ki da dama,
Mutum 24 fagen ke ɗauka, duk sun gan ki ma.

Ki ƙara kisa a sa ki a farauta,
Minti 5 kina gudu ba hutu ba sata,
Kika faɗi, makullai da kuɗi sun fita,
Matsayin da kika tara ya zaftare da rata.

Uwar Gayya:

In na tsira fa, Sarki, ladan na wa?
Mai tsoron faɗuwa ba ya hawa.

Biyu sun ishe ka.

Gambo Tireda: Ƙwar biyu ta fi ƙwar takwas ɗin wani!

Zinariya: Gambo, kai ɗan amshin Shata ne kawai. Na-Laɓe ya ba da dabara uku da mutum zai yi aiki da su yau, Anti ta ba da kirari.

Autan Lymhurst: Na makara, data ce ta ƙare. Ku ba ni wuri in kawo na wasan Albion, inda 4.1 da T8 matakan darajar kaya ne.

Yayyena kuna ta kuka kan jaka,
Wanda ya mutu a Dark Zone bai rasa riga ba ka?
Bindigar hannunsa na nan, sulke na jikinka,
Ku zo Albion baƙin yanki a tuɓe ka.

Can in ka faɗi, hula, takalmi da doki,
Duk na wanda ya kashe ka ne, har buhun aiki,
Wani kason ya lalace ya zama tarkacen banki,
Don haka sa 4.1 mai arha, bar T8 a ɗaki.

Kar ka loda sa ya wuce ɗari bisa ɗari,
Nauyi na rage gudu, maharba na bin sari,
Ka ga jan suna, kar ka sauka neman bayani,
Juya ka bi ƙofar da ka fito da sauri.

Malam Mai Aruli: "Bai rasa riga ba ka?" Wannan "ka" ɗin me take yi a nan, Auta? Cusa ta ka yi don ƙafiya. Kuma ka fara da "jikinsa" a zuci ka ƙare da "jikinka". "Tarkacen banki" kuwa ko kai ba ka san ma'anarsa ba.

Autan Lymhurst: Baba Malam, da babban yatsa ake bugawa a waya, a yi haƙuri. Amma maganar nauyin sa gaskiya ce.

Mai Alpha:

Auta, Albion wasan yara ne a gun Tarkov,
Babu taswirar da ke nuna maka maƙiyi ko Scav...

Na rasa abin da zai amsa "ov". Ga shi a zube: a wasan Tarkov, inda Scav 'yan kwasar ganima ne, akwatin tsaro na Alpha gurbi 4 ne, biyu sau biyu, abin da ke ciki yana tsira idan an kashe ka, don haka makulli da magani mai tsada can za su. Inshorar Prapor, ɗan kasuwar cikin wasan, tana dawo da abin da ba wanda ya ɗauka ne kawai. Lokaci ya ƙare ba ka kai mafita ba, an rubuta ka ɓatacce, kaya sun tafi.

Malam Mai Aruli: Gara kai, ka san inda ƙarfinka ya tsaya.

Uwar Gayya:

Malam mai ƙirgen gaɓa da carbi,
Kawo baiti ɗaya mu ga naka harbi.

Malam Mai Aruli: Alƙali ba ya shiga kokawa, Hajiya. Sannan naki na farko 10 ne, na biyu 12.

Zinariya: To ni tambaya ce da ni tun ɗazu an binne ta. Idan jaka ta cika, 'yan tawaye sun tare duk filayen jirgi, ba a fita ta ƙofar shinge da ita?

Sarkin Baka:

Ƙanwata, kul, shinge ba ya wuce da ita,
Ka fita da gurɓatacce, wasan ya lalata ta,
Shiga ɗakin tsaro ki jira su yi ta kansu,
Ko ki bi wata ƙungiya ki ɗaura a jirginsu.

Malam, na san ta, ta, su, su ne. Rubuta a littafinka.

Malam Mai Aruli: Na rubuta. Kuma ka ce "ka fita" alhali da mace kake magana.