Tallafin Farashin Madara: Wa Ke Biya?

A wata tattaunawa kan tallafin farashin madara, shawarar da ta fi rinjaye ita ce, kafin gwamnati ta ɗora farashin madara sama da na kasuwa, a fara tambayar wa zai biya. Mai saye ne, har sau biyu: a kanti, sannan ta haraji. Farashi na tashi, masu kiwo su ƙara tatsa, masu sha su rage, rarar kuma dole gwamnati ta saye ta adana.

An daɗe kan misalin Amurka. Dokar noma ta 1949 ta sa gwamnati sayen man shanu, cuku da garin madara. A farkon shekarun 1980 abin ya kai kusan dala biliyan 2 a shekara, rumbuna suka cika, har gwamnatin Shugaba Reagan ta fara raba cuku ga mabuƙata a 1981. A 1986 kuma aka koma biyan masu kiwo su rabu da garkensu gaba ɗaya. Abin mamaki, an biya su sun ƙara, an kuma biya su sun daina. Turai ma ta ƙayyade yawan madara daga 1984 zuwa 2015.

Masu kare tallafin sun ce ɗanyar madara ba ta ajiyuwa, ƙaramin makiyayi kuma bai iya jure faɗuwar farashi. Gaskiya ne, amma riba mafi tsoka tana zuwa ga manyan gonaki, tunda su ke tatsa da yawa. Shi ya sa aka fi karkata ga biyan ƙananan kai tsaye, ko inshorar faɗuwar riba, tare da sanya wa shirin ranar ƙarewa tun farko.