Idan naƙuda ta kama mace a gida, me za a yi, kuma yaushe za a tashi zuwa likita?

Maman Biyu, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga ungozomomi ne da ma'aikatan lafiya da ke nan. Kowa ya ji ana cewa a haihu a likita, kuma ba mai musun haka. Sai dai a ƙauyukan Adar, wajen Buza da Keita da Ilela, sau da yawa naƙuda na tashi da tsakar dare, maigida ya tafi biɗa, da damina kuma ƙorama ta cika ta datse hanya. Mace ta haihu a ɗaki ko tana so ko ba ta so. To me ya kamata a tanada tun kafin ranar? Me mai karɓar haihuwa za ta yi da hannunta, me za ta bari? Kuma ƙwayoyin nan uku da ake bai wa wasu mata wurin awo, yaushe ake shan su? Ina son bayani dalla-dalla don Allah, wanda za a iya karanta wa mata a wurin taro.

Sajfam:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Bari in fara da matan da bai kamata naƙuda ta same su nesa da likita ba sam, domin su ne aka fi rasawa. Mai cikin fari, musamman yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, don ɗinkin mahaifa na iya ɓallewa. Wadda ta haihu biyar ko fiye, saboda mahaifarta ta saki, ba ta saurin tsukewa. Mai tagwaye, mai hawan jini, mai ƙarancin jini, wadda ta taɓa zubar da jini da yawa ko ta haifi ɗa ba rai, da wadda aka ce mata ɗan na kwance a gicciye ko ya taho da ɗuwawu. Irin waɗannan, da wata na tara ya kama, a kai su gidan dangi kusa da CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati ta yanki, ko cikin gari su zauna. Tunda al'ada ta riga ta yarda da goyon ciki, a zaɓi gidan da ya fi kusa da likita.

Kayan da za a ajiye wuri ɗaya tun wata na takwas: sabulu, reza sabuwa da ba a buɗe takardarta ba, zare mai ƙarfi gutsure uku da aka tafasa aka shanya aka naɗe cikin tsumma mai tsabta, leda mai faɗi ta shimfiɗawa, zannuwa wankakku aƙalla huɗu, hular jariri, fitilar hannu mai batir, da karnen awo, wato littafin awon ciki. In an samu safar hannu ya fi.

Da naƙuda ta kankama, mai karɓa ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Kada ta riƙa sa yatsa ciki tana duba ko ɗa ya kusa, nan ne ƙwayoyin cuta ke shiga. A bar mai naƙuda ta yi tafiya, ta durƙusa, ta sha ruwa ko kunu, ta yi fitsari akai-akai, don mara cike tana tare wa ɗa hanya. Kada a ce mata ta yi nishi tun jikinta bai nema ba: nishin wuri yana kumbura bakin mahaifa, ya gajiyar da ita kafin lokacin aiki ya zo. Kuma kada kowa ya hau cikinta yana dannawa.

Kai ya fara leƙowa, a tara hannu a hankali don kada ya fito da ƙarfi ya yaga ta, ta daina nishi ta riƙa huci. Kai ya fito, a shafa wuya. In cibiya ta naɗe kuma da sauran saki, a zare ta ta saman kai. Ba a jan kan jariri. Da ya fito a ɗora shi kan cikin uwa, a goge shi sosai da busasshen zane, a yar da jiƙaƙƙen, a rufe su da wani, a sa hula. A jira minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiya. Ɗauri na farko faɗin yatsa biyu daga cikin jariri, na biyu faɗin yatsa biyu gaba da shi, a yanke a tsakani. A ɗaure tamau, a riƙa dubawa, domin jinin jariri kaɗan ne, ɗigon da za a raina yana iya kayar da shi.

Batun ƙwayoyi uku, sunansu misoprostol, kowace ɗaya mikrogram 200, jimla 600. Aikinsu su tsuke mahaifa don kada jini ya ɓalle. Ana shan su gaba ɗaya bayan jariri ya fito, kuma bayan an shafa ciki an tabbatar babu na biyu. Ina roƙon ku da Allah a nanata wa mata wannan: wadda ta sha su ɗa na ciki, da nufin naƙuda ta yi sauri, mahaifarta na iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Bayan an sha, mace kan yi rawar sanyi da ɗan zazzaɓi, wannan yana wucewa da kansa.

Inna Ungozoma:

Sannu da aiki Malama, kin faɗi gaskiya. Ni inda nake so a tsaya a kai shi ne bayan ɗa ya faɗo. Nan ne gida ke ruɗewa da guɗa, kowa ya koma kan jariri, ana tambayar mace ce ko namiji, a bar uwa ita kaɗai kan leda. Alhali awa biyun nan na farko su ne masu hatsari. Jini in ya ɓalle, yana iya ɗauke mace cikin awa biyu kacal.

Mabiyiya kan fito da kanta cikin rabin awa. Alamarta, cibiyar da ke waje ta ƙara tsawo, jini ya ɗan gangaro, ciki ya dunƙule. Sai mace ta durƙusa ta yi nishi kaɗan. Kada a ja cibiya. In an ja, ko ta tsinke mabiyiya ta zauna ciki, ko mahaifa ta juyo waje gaba ɗaya. Abin da wasu ke yi na tura muciya ko gashi a baki don ta yi kakarin amai, ko turara barkono don ta yi atishawa, ɓata lokaci ne da wahalar da baiwar Allah. Abin da ke taimakawa, ta yi fitsari, a sa mata jariri a nono, tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke. Rabin awa ya wuce ba ta fito ba, a fara shirin tafiya ko da jini bai zuba. In ta fito, a baje ta cikin kwano a duba da fitila ko wani yanki ya ɓalle ya saura, domin guntun da ya maƙale shi ke hana mahaifa rufewa, daga baya ya ruɓe. In za a je likita a tafi da ita cikin leda su gani, binnewa ta jira.

Sannan a ɗora hannu ƙasan cibiyar uwa. Mahaifa mai lafiya za a ji ta da tauri kamar ƙwallon goruba babba. In an ji ta laushi kamar ƙullu, a murza da tafin hannu, zagaye-zagaye, har ta yi tauri. Da zafi, za ta yi ƙara, kada a fasa. A maimaita duk minti 15 har awa biyu su cika, a koya wa ita kanta mai jegon ta riƙa taɓawa.

Yawan jini kuwa, iyakar da likitoci suka sa rabin lita ne, wato kamar ledar ruwan sha ɗaya ta kasuwa. Ido na yaudara, shi ya sa ban son a haihu kan rairayi, ƙasa na shanye jini ba a gani. A shimfiɗa leda, a sa zane ɗaya ƙarƙashinta. Zanen ya jiƙe sharkaf, ko gudaji na fita, ko ta ce tana ganin jiri, tafin hannunta ya yi fari, gumi mai sanyi ya keto, to a ɗauke ta nan take. A hanya a kwantar da ita, ƙafafu sama da kai, a rufe ta, wata na murza mahaifa ba tsayawa. Maganar nan ta cewa mugun jini ne gara ya fita, ta ci mata da yawa.

Majo:

Inna, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan yi magana kan jinkiri, don yawancin matan da ake kawowa cikin mawuyacin hali ba cutar ce ta fi ƙarfin magani ba, makara aka yi. Ana makara wajen yanke shawara, ana jiran izinin maigida ko surukai. Ana makara wajen neman abin hawa. Saboda haka kafin maigida ya tafi biɗa ya faɗa gaban iyayensa cewa ya yarda a kai ta likita ba sai an neme shi ba. A riƙe lambar mai mota ko mai kabu-kabu biyu, ba ɗaya ba, a san amalanken wa za a ɗaura, a ajiye 'yan jikkuna da ba a taɓawa. A kuma san mutum biyu cikin dangi da za su bi ta don bayar da jini. An ayyana tiyatar haihuwa kyauta a Nijar tun 2005, a 2024 kuma gwamnati ta sanar da cewa haihuwa kyauta ce a asibitocinta, amma kuɗin mai da abinci da wani maganin da ya ƙare na kan iyali.

Ƙa'idar da tsofaffi ke ganewa da sauri ita ce, kada rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa. Awa 12 na naƙuda mai ƙarfi ba haihuwa, a tashi. Kan ɗa in ya daɗe a maƙale yana matse mafitsara da ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje. Asalin yoyon fitsari ke nan, ba maita ba ce. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, don abin da ya tare ƙashi ne, reza kuwa tana iya huda mafitsarar da kanta. Haka allurar ƙarin naƙuda da ake saye wurin masu tallan magani a yi a gida, ita ma tana fasa mahaifa, daidai da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba.

Akwai abubuwan da ba a jira musu awa 12. Jini kafin ɗa ya fito. Faya ta fashe ruwan ya zo kore ko da wari, ko ta fashe naƙuda ba ta biyo ba. Naƙuda tun wata tara bai kama ba. Hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga fitowa: kada a mayar, kada a ja. In cibiya ce, ta durƙusa ta kifa ƙirji ƙasa, ɗuwawu sama, a tafi da ita a haka don kan ɗa kada ya danne cibiyar.

Sai jijjiga. Tana ba da sanarwa: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuci, kumburin fuska da hannuwa, awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. In ta faɗi tana jijjiga, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a sa cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, zai bi ta huhu. A yi addu'a a cikin mota. Maganinta allurar magnesium sulfate ce, kuma jijjiga na iya zuwa ko bayan an haihu. CSI in abin ya fi ƙarfinsu su ke turawa asibitin gunduma ko cibiyar kula da uwa da yaro ta nan Tawa, mutanen wajen Madawa da Kwanni kuma da yawa asibitin Galmi ne kusa da su.

Maman Biyu, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura biyu. Jariri in ya fito bai yi kuka ba fa? Sannan wankan jego da kunun kanwa, a bari ne ko a rage?

Sajfam:

In bai yi kuka ba, minti na farko shi ne komai. A goge shi da ƙarfi, a murza bayansa sau biyu ko uku, a share baki da hanci da tsumma mai tsabta in akwai majina. Kada a riƙe shi ta ƙafa kai ƙasa, kada a mare shi, kada a watsa masa ruwan sanyi, kada a kaɗa masa kwano a kunne. In har bai numfasa ba, a kwantar da shi rigingine wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓa kaɗan, a rufe bakinsa da hancinsa da baki, a hura iskar da ke cikin kumatu kawai, a ga ƙirji ya ɗaga, kamar sau 40 a minti, wani kuma na tayar da abin hawa. Wannan abu ne da ya kamata ungozoma ta je CSI a nuna mata da hannu, karatu kaɗai bai isa ba.

Wanda ya yi kuka, a sa shi a nono cikin awa ta farko. Dakashi ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar, kada a ba shi ruwa ko madarar akuya. Wanka a jinkirta zuwa awa 24, don sanyi na kama jarirai ko a watan zafi. Cibiya a bar ta a bushe a waje da ƙunzugu. Toka, kashin shanu, man shanu, man goge baki, ƙasar tukunya, duk hanyar tetanos ce, ciwon da ke sa jariri ya daina kama nono ya sandare cikin makonni biyun farko. In an ba ku klorheksidin a likita, shi kaɗai za a shafa, a cibiya kawai, kada ya kusanci ido.

Wankan jego, a yi da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu ke iya jurewa. Tafasasshen ruwa na ƙona fata ya ɓalle ɗinki. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗora wa zuciya nauyi a lokacin da ba ta gama hutawa ba, don haka a yi kunun gero da tsamiya ko gyaɗa a bar kanwa, musamman ga mai hawan jini. Mai jegon da ke haki, ƙafafu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, zuciya ce, a kai ta likita.

Ko komai ya tafi lafiya, uwa da ɗa su je CSI cikin awa 24, kada a jira suna. A auna shi, in bai kai kilo biyu da rabi ba a koya mata goyon ƙirji fata da fata, a yi masa BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka, da ɗigon shan inna, ita kuma a duba jininta da mahaifa, a ci gaba da ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Su koma rana ta uku, sannan cikin mako na biyu, sannan a mako na shida. In kafin nan zazzaɓi ya kama ta, ko jinin biƙi ya yi wari, ko jariri ya yi rawaya ko ya ƙi nono, su koma a ranar.